Tambayi Kawu: Wai wayo da hikima uwarsu ɗaya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonni sun taru sosai, da na zauna tantancewa sai na ga guda biyar duk gida ɗaya suka nufa ko da yake kowa da ƙofar da ya biyo, maganar wayo ce dai, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambayar rabon gado da masu rigimar kuɗin haya ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma datse wasiƙun, don wani in ya fara rubutu sai kace da biro a hannu aka haife shi.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni yaron shago ne a kasuwar hatsi, shekarata 24, shekara uku kenan ina tare da maigidana. Kullum sai yace min ba ni da wayo, wai kasuwa ba ta son ustaz. Dalili kuwa in muna ɗura buhu so yake a zuba tsohon wake mai ƙwari a tsakiya a rufe da sabo sama da ƙasa, ni kuma raina ba ya so. Wanda muka fara tare har ya sayi mashin, ni ko wayar kirki ba ni da ita. Kawu ni ne wawa? Kuma meye bambancin wayo da hikima, tunda shi cewa yake hikimar kasuwa ce? (Wani matashi, Kano)

AMSA: Ɗana ba wawa bane kai, wannan na fara faɗa maka don ka samu barci. Amma bari mu ɗan tsaya kan kalmar kanta, saboda Bahaushe kaya biyu ya ɗora mata. In jariri ya fara gane uwarsa yana ƙiwa sai ace ya yi wayo, ana murna. Mutum na ba da labarin ƙuruciyarsa zaka ji yace tun ban yi wayo ba mahaifina ya rasu. A nan wayo buɗewar ido ce kawai, sanin wuta na ƙuna, sanin dama da hagu. Amma kuma wannan kalmar dai ita ce in wani ya raba ka da dubu biyar da daɗin baki zaka dawo gida kana cizon yatsa kana cewa ya min wayo. 'Yan kudu ma da suka ari kalmar daga wurinmu suka saka a turancin buroka rabin mara kyau kaɗai suka ɗauka, a Legas in aka ce mutum na wayo to macuci ake nufi, babu yabo ko na sisi a ciki.

Ka duba "ya yi wayo" da "ya yi min wayo", 'yar kalma ɗaya ce ta shiga tsakani, min. Da zarar wayo ya samu wanda aka yi wa, to akwai wanda ya koma gida da asara. Ni kuwa a iya shekaruna ban taɓa jin Bahaushe ya dafe kai yana cewa wane ya yi min hikima ba.

To ga ma'aunin da ni nake awo da shi, kuma shi zan yi ta janyowa a duk amsoshin yau. Duk dabarar da zaka yi, ka tambayi kanka, in wanda na yi wa ya gane gobe da safe me zai ce? In dariya zai yi yace kai Allah ya maka basira, ko ma ya gode maka, wannan hikima ce. In kuwa dabarar irin wadda ba ta rayuwa ce sai a duhu, ana haska ta ta mutu, to ko wane suna maigidanka ya raɗa mata cuta ce. Ka tuna lokacin da Ƙuraishawa suka sake ginin Ka'aba, Manzon Allah (SAW) na da shekara 35 ba a ma aiko shi ba tukunna, aka zo ɗora Hajarul Aswad kowace ƙabila tace ita zata ɗora har ana shirin zare takubba. Yace a kawo mayafi, ya sa dutsen a tsakiya, shugaban kowace ƙabila ya kama gefe aka ɗaga tare, sannan ya ɗauka da hannunsa ya ajiye a mazauninsa. A gaban idon kowa aka yi, ba abin da aka ɓoye, kuma kowa ya koma gida yana jin shi ma ya samu. Yanzu kace wa maigidanka ya ɗura buhun nan a gaban mai saye mu gani. Kuma abin mamaki kusan irin maganarku ce sak ta zo a hadisi, Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci ya tsiba shi, ya cusa hannu ciki ya ji danshi, mutumin yace ruwan sama ne ya taɓa shi, yace masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Lura, bai ce kar a sayar ba. Cewa ya yi a sa a sama.

Ina yaro wajen ƙarshen shekarun 1970 ina zaman rumfar baffana ran kasuwa, maƙwabcin rumfarmu yana da kwanon awo biyu, in ka gan su a kife ka rantse tagwaye ne. Na saye an bubbuga gindinsa ya bultso waje, na sayarwa kuma an danna gindin ya shige ciki. In matar ƙauye ta sauke gero sai ya janyo na farko da ƙafa daga bayan buhu, ya tare bakin kwanon da hannu har wajen gwiwar hannu hatsi ya hau ya yi tsini, yana awo yana janta da hira, ya maigidan, ya jikin tsohuwa, an yi ruwa wajenku kuwa? Mu yara wallahi burge mu yake, har kwaikwayonsa muke da gwangwanin madara a ƙasa. Wata rana wata Bafulatana ta sayar masa kwano goma da safe don ta sayi akuya, cinikin akuyar bai faɗa ba, da la'asar ta dawo tace a mayar mata da geronta ko da ƙarin kuɗi ne. Ya auna mata goma cif. Ashe inda ta ɗaure bakin buhunta da safe igiyar ta bar shaida, gero ya tsaya ƙasa da shaidar da kusan taƙi guda. Ba ta yi ihu ba, ta kalli buhu ta kalle shi, ta sake kallon buhu, tace a kira mata sarkin kasuwa. Ba wanda ya ɗaure shi, ko mari bai sha ba. Kawai daga ranar matan ƙauyukan nan sai su zo su wuce rumfarsa da ƙwarya a ka kamar ba kowa a ciki, yana kiransu da sunan 'ya'yansu ba mai waiwayowa.

Ba zan maka ƙarya ba, ba kowane mai kwano biyu ne asirinsa ke tonuwa a duniya ba, wasu har benaye sun gina, har Makka suna zuwa duk shekara, kai ma ka san su. Amma ko shi bai biya ba akwai masu biya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka yi ta samu a ciki, irin fiya-fiyar nan da wasu ke barbaɗawa a buhu don kar wake ya huje. Kowane ɗayansu gani yake ya yi wayo ya tsirar da buhunsa, ƙarshe aka rufe wa kowa ƙofa har da wanda bai taɓa zubawa ba, ba a ma maganar wanda ya ci waken ya kwana a asibiti.

Sai dai fa kar ka ji na wanke ka ka je ka zauna kana jiran kuɗi su faɗo daga sama don kai na kirki ne. Akwai gaskiya kaɗan a maganar maigidanka, kasuwa na son wayo, wancan na farkon na buɗewar ido. Ka san farashin kaka da na bazara, ka san wane ƙauye wakensu ya fi bushewa, ka iya gane buhun da aka maka irin wannan ɗurin in kai ne mai saye, kar ka tsaya kan na sama, ka soka bututun gwaji har tsakiya. Ka koyi ajiya a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ce wa PICS, in aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga ƙwarin da kansu suke mutuwa ba tare da ɗigon magani ba. Tsohon waken kuma yana da masu sayensa da sunansa na tsoho, masu kiwo na nema, a rage musu kuɗi su ɗauka. Ka samu maigidan ku biyu ba a gaban yara ba, ka rusuna kace Alhaji ni dai a cire ni a ɗurin nan, duk wani aikin ko dako ne zan yi. In ya yarda to, in bai yarda ba ka fara tara naka a hankali, kana rubuta lambar duk kwastoman da ya taɓa cewa yaron nan yana da gaskiya.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Mu biyu ne wajen mijinmu, ni ce uwargida. Amaryar Allah ya zuba mata kissa, abin da na shekara ina roƙo ban samu ba ita cikin dare ɗaya take samu. Ƙawayena sun ce in daina zama kamar tunkiya, har wata tace in faki ido in ɗau wayarta in tura wa wani namiji saƙo yadda maigida zai gani. Shi kuma maigidan abu kaɗan sai ya janyo aya wai makircin mata babba ne. Ya zan yi? (Uwargida, Zariya)

AMSA: 'Yata, ƙawar nan da ta ba ki shawarar waya ki rage zama da ita, don wadda ta iya kitsa wannan a kan kishiyarki zata iya kitsa shi a kanki ran da kuka ɓata. Wannan ƙazafi ne tsirararsa, kashe auren baiwar Allah ne da ɓata mata suna har 'ya'yanta, kuma in za a gina ramin mugunta an ce a gina shi gajere, wannan kuwa rijiya ce gaba dubu.

Ku mata kun fi ni sanin kissa daban kisisina daban. Kissa sanin lokaci ne da sanin harshe. Mutum ya shigo daga kasuwa rana ta dake shi, ko takalmi bai cire ba ki tare shi da maganar kuɗin makaranta da gas ya ƙare, wata kuma ta bari ya yi wanka ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, ta zauna kusa tana bare masa lemo sannan ta sako maganar a hankali kamar ba ita ta kawo ta ba. Buƙata ɗaya, amsa biyu. Ki ɗora wannan a ma'aunin da na ba wa yaron can na Kano, in bayan shekara goma ta faɗa masa ai ran nan da gangan na bari ka ƙoshi tukunna, me zai yi? Dariya zai yi yace ai na sani. Amma maganar saƙon waya ran da ya gane sai dai ki ji takarda a hannu. Daga abin da kika rubuto ban ga inda amaryar ta cuce ki ba, ta dai iya abin da ke ba ki tsaya kin koya ba, kuma ba a makara ba. Mu a tarihi ma muna da abin koyi, ran sulhun Hudaibiyya shekara ta 6 bayan hijira, Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, baƙin cikin sharuɗɗan sulhun ya hana kowa motsi, ya shiga wajen Ummu Salama ya faɗa mata. Tace ka fita kar ka yi wa kowa magana, ka yanka taka ka kira mai aski. Yana yi kowa ya miƙe. Mace ce ta karanci zukatan maza sama da dubu daga cikin tanti.

Shi kuma maigida mai aya, ki gaishe min shi. Ayar gaskiya ce tana cikin Suratu Yusuf, amma ya duba wa ke magana, Azizu na Masar ne yake faɗa wa matarsa bayan an ga rigar Annabi Yusuf ta baya ta yage. Ya kuma koma farkon surar ya ga su waye suka fara ƙulla makirci, maza ne garada 'yan uba, suka jefa ƙaninsu a rijiya suka shafa wa riga jinin ƙarya suka zo wa mahaifinsu da daddare suna kuka. Mu maza wannan shafin da sauri muke wucewa. In kuma akwai rashin adalci na zahiri, kwana ko cefane ko sutura, wannan ba kissa ce maganinsa ba, magana ce a fili, in ta ƙi a kira manya.

TAMBAYA: Kawu ni malamar firamare ce. Ina yi wa yara tatsuniya, sai wata rana wani uba ya zo yace in daina ta Gizo, wai koya musu ƙarya da cuta nake. Na rasa amsar ba shi, don gaskiya Gizo maƙaryaci ne. (Malama, Maraɗi)

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, kar ki daina. Uban nan ina jin ya manta ƙarshen tatsuniyoyin ne, farkon kawai ya riƙe. Ɗauki ta Gizo da hankaki, suka ji tausayinsa kowa ya cire gashi ɗaya ya ba shi ya yi fiffike suka tafi da shi cin ɓaure a tsakiyar ruwa, suna isa duk wanda hankaka ya nufa sai Gizo yace nawa ne ni na riga gani, da tsamin bakin nan nasa, har ransu ya ɓaci suka bari ya yi barci kowa ya zare gashinsa suka tashi. Ya farka ya yi tsalle zai tashi sai ji kake tsundum. Wane yaro ne zai ji wannan yace shi Gizo yake son zama? Dariya suke masa. Kakanninmu ba makarantar boko suka yi ba amma sun san yaro zai fita duniya ya gamu da Gizo a tasha, a kasuwa, wani lokacin a cikin dangi, gara ya fara ganinsa a kan tabarma da daddare inda ba abin da zai rasa.

Kuma in kin lura Gizo ba shi da ƙarfi, ba shi da sarauta, ba shi da gona ta kirki, kullum cikin yunwa yake, a dajin da giwa da zaki da kura suke. Ran da ya ba giwa bakin igiya ya ba dorina ɗaya bakin, kowacce na ja tana zaton da Gizo take ja, talaka na jin wannan daɗi yake ji a ransa, don wayo makamin wanda ba shi da makami ne. Shi ya sa ba mu kaɗai ke da shi ba, mutanenmu na zangon Kumasi sun san Ananse na Asante, shi ma gizo-gizo ne mai irin wannan halin, har bayin da aka kwashe suka tsallaka da shi Jamaika. Matsalar Gizo ɗaya ce, wayonsa iyakarsa cikinsa. Kansa yana aiki amma bai taɓa tunanin jibi ba, bai taɓa tunanin Ƙoƙi ba ballantana maƙwabci.

Abin da zan ba ki shawara, ki riƙa haɗa musu da ta dila malamin daji. Shi ma ba waliyyi bane, amma akwai wadda kakata ke mana, mutum ya ceci maciji ya ɓoye shi a jaka, da masu neman kashe shi suka wuce maciji yace sai ya sare shi, aka je wajen dila shari'a. Dila yace ni fa ban yarda ƙaton nan zai shiga 'yar jakar nan ba, a gwada in gani. Maciji ya shige, dila yace wa mutumin to me kake jira, ɗaure bakin. Ki tambayi yaran, Gizo ya yi dabara dila ma ya yi, me ya raba su? Ki yi shiru ki ji abin da 'yan aji uku za su faɗa. Uban kuma ki tuna masa yadda ake rufe tatsuniya, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, ai tun a nan an gaya wa yaro waye Gizo.

TAMBAYA: Kawu ba ance yaƙi ɗan zamba ne ba? Kuma Annabi Yusuf ya sa an saka ma'auni a kayan ƙaninsa. Kenan dabara ta halatta. (Ɗalibi, Sakkwato)

AMSA: Ɗana ni ba mai fatawa bane, malamai na nan birjik a garinku. Amma yaƙi aka ce, ba ciniki ba, ba aure ba, ba jarabawa ba, don na san inda kuke zuwa da irin wannan tambayar. Wanda ya fito da takobi zai kashe ka ya san ba amana tsakaninku, mai sayen wake kuwa amana ya ba ka. Dabarar Annabi Yusuf (AS) kuma ka bi ta har ƙarshe, da komai ya fito fili wa ya yi asara? Ya riƙe ɗan'uwansa, ya yafe wa sauran, uba ya samu ganinsa, gida ya haɗu a Masar. Ka ajiye wannan kusa da ta mutanen Asabar a Suratul A'araf, an hana su kamun kifi ran Asabar, malaman tafsiri suka ce sai suka riƙa kafa tarko tun Juma'a su kwashe Lahadi, wai su ba su taɓa Asabar ba. Ka je ka karanta yadda aka ƙare da su.

TAMBAYA: Kawu na shiga wata harkar zuba kuɗi ta waya da ake ninka wa mutum. Ni na san ba mai ɗorewa bace, na yi niyyar in shiga da wuri in fita da wuri, kuma na ci sau biyu. Sai na jawo surukina da wani abokina saboda ana ba da kamasho, ni ma na mayar da duk abin da na samu. Yanzu an rufe. Nawa ya tafi, nasu dubu 700 ya tafi, surukina ko gaisuwata ba ya amsawa. Ni ma ai cutata aka yi ko? (Ma'aikaci, Kaduna)

AMSA: Malam Allah ya mayar da alheri, amma tunda ka tambaya zan faɗa maka, an cuce ka kuma ka yi cuta, duk biyun. Da ka ce min ba ka sani ba da sai in tsaya kan jaje. Amma da bakinka kace ka san ba mai ɗorewa bace, to ribar da ka ci sau biyu kuɗin wa kake zato? Ba gona suke da ita ba, ba masana'anta, kuɗin wanda ya shigo bayanka ne aka miƙo maka, kai kuma ka je ka kawo musu na bayan da hannunka, daga cikin gidanka.

Irin wannan harkar ba wawaye take kamawa ba, masu wayo take kamawa, da su ma aka gina ta. Kowa a ciki yana ganin shi ne zai fita kafin rufin ya rufto. Haka aka yi da MMM, suna alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, a Disamban 2016 aka wayi gari an daskarar da asusun mutane ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara, alhali mai ita Sergei Mavrodi ya taɓa yin irinta a Rasha ta rushe tun 1994, labarin na nan a intanet duk mai so zai gani, mutane sun gani kuma suka shiga. Ɗau kalkuleta ka lissafa, dubu 100 in tana ƙaruwa da kashi 30 duk wata kana mayarwa, a wata 12 ta haura miliyan 2 da dubu 300. Wace sana'a ce a Kantin Kwari ko Singa ke ba da wannan? Da akwai ta da mai ita bai neme ka a WhatsApp ba, da shi da 'ya'yansa za su rufe ƙofa su ci. Kuma ba mu daddara ba, a Afrilun 2025 aka sake kwatawa da CBEX. An ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, mu kam har layi muke bi a bakin ramin. Wayonka ya hango maka wata biyu, daidai kuma ya hango, abin da bai hango maka ba shi ne kwaɗayinka da zai sa ka mayar da kuɗin, da kuma cewa surukin nan duk suna da biki da jana'iza sai kun haɗu har ƙarshen rayuwa, matarka kuma tana tsakiya ba ta san inda zata sa kanta ba.

Abin yi, ka kai ƙorafi wajen EFCC da duk shaidar tura kuɗin da kake da ita, amma kar ka ɗora rai, kuma duk wanda ya kira ka yace ka biya wani abu a buɗe maka asusunka su ne dai suka dawo ta taga. Kamashon da ka karɓa a kan mutum biyun nan ba naka bane, ka lissafa shi ka fara mayar musu da shi ko dubu ashirin-ashirin ne a wata daga albashi. Sauran kuɗin a zauna da malami da manyan gida a duba abin da ya hau kanka. Ka fara da surukin, kar ka tura saƙo kar ka aiki matarka, ka ɗauki babban yayanka ko limamin unguwarku ku je bayan la'asar, ka cire takalmi tun daga zaure, kuma in ka buɗe baki kar ka fara da ni ma an cuce ni, ka fara da na sani ban faɗa maka ba.